Ta Wace Hanya Ya Fi Dacewa a Taimaki Gidauniyar Asibiti?

Tambaya: Asibitin da ke kusa da mu yana da gidauniyar da ke tallafa wa marasa lafiya masu ƙaramin ƙarfi. Ni da wasu abokaina muna son mu ba da gudummawa, sai dai abin hannunmu bai taka kara ya karya ba. Wasu daga cikinmu suna ganin mu haɗa kuɗi mu sayi na'ura guda mu kai, wasu kuma suna cewa magunguna sun fi. Wace hanya ce za ta fi amfanar marasa lafiya, kuma yaya za mu tabbatar cewa abin da muka bayar ya isa inda muka nufa?

Amsa: Allah ya saka muku da alheri bisa wannan niyya. Shawarar da zan fara ba ku ita ce ku dakata da sayen komai, na'ura ko magani, har sai kun je asibitin kun zauna da mutanen da suke ganin matsalar da idonsu kullum. Ba shugaban asibitin kaɗai nake nufi ba, domin shi hankalinsa yakan fi karkata ga manyan ayyuka. Ina nufin sakataren gidauniyar, da babbar ma'aikaciyar jinya ta ɗakin yara ko ɗakin haihuwa, da mai kula da ɗakin magani, da jami'in walwalar marasa lafiya, da kuma wanda ake kira idan na'ura ta lalace. Ku tambaye su abu guda: a watan da ya wuce, me aka rasa har aiki ya tsaya, ko aka jinkirta wa wani magani? Amsar da za ku ji takan sha bamban da abin da kuka zo da shi a zuciya. Wanda ya shiga da tunanin sayen na'urar ɗaukar hoton cikin jiki yakan fito riƙe da takarda mai ɗauke da safar hannu, da batirin wata na'ura da tuni take asibitin, da kuɗin gwajin jinin yaran da iyayensu suka gaza biya, da gyaran bututun da ke kai ruwa ɗakin haihuwa.

Yana da kyau ku fahimci matsayin gidauniya tun farko. Kowane asibiti yana da mai shi, ko gwamnati ko ƙungiya ko kamfani, kuma a wuyansa albashin ma'aikata da gine-gine da manyan kayan aiki suke. Ita gidauniya asusu ce ta daban, mai nata amintattu da nata littafin kuɗi, wadda aka kafa domin ta cike giɓin da kasafin asibitin ya bari. Giɓin kuwa yana da girma. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka fitar a 2023 ya nuna cewa mutane kimanin biliyan 1 ne suke kashe fiye da kashi 10 cikin 100 na kasafin gidajensu wajen neman lafiya. A cikin ɗakin marasa lafiya, ma'anar wannan adadi ita ce mutum yana kwance, likita ya gano ciwonsa, gado da ma'aikata duk suna nan, amma an kwana biyu ba a fara magani ba saboda 'yan'uwansa suna can suna neman rance. Yawancin aikin gidauniya mai kyau a nan yake, kuma aiki ne da ba shi da wani abin ɗauka a hoto.

Saboda haka ne nake fifita kuɗi a kan kaya, kuma a cikin kuɗin ma nake fifita wanda ba a ɗaure shi da sharaɗi ba. Idan mai bayarwa ya ce kuɗinsa na gina ɗakin tiyata ne kawai, amana ta hana gidauniya ta taɓa su don wani abu, a ƙasashe da yawa ma doka ta hana. Sai a wayi gari asusun gini yana cike, asusun sayen iskar oksijin kuma babu ko kwabo, alhali oksijin ake buƙata a daren. Kyauta mai sharaɗi tana da wurinta, musamman idan gidauniyar ce da kanta ta fito ta nemi taimako a kan wani aiki takamaimai. Amma wanda ya ce, "Ku sa inda buƙata ta fi yawa," ya ba ma'aikatan damar su yi amfani da sanin da suke da shi, wanda shi mai bayarwa ba shi da shi.

Bayan wannan sai maganar ɗorewa. Kaɗan da ake bayarwa duk wata ya fi wa gidauniya amfani a kan mai yawa da ake bayarwa sau ɗaya a ɓace, ko da jimillarsu ɗaya ce a ƙarshen shekara. Dalilin a fili yake: ciwon sikila, da ciwon suga, da wankin ƙoda, da maganin ciwon daji, duk ba a gama su a wata guda. Gidauniyar da ba ta san abin da zai shigo mata a wata mai zuwa ba tana tsoron ɗaukar nauyin yaron da maganinsa zai ɗauki shekara biyu, domin tsayar da irin wannan magani a tsakiya yakan mayar da hannun agogo baya. Idan kuwa ta san mutum ɗari biyu sun ba bankunansu umarni a riƙa cire wani abu duk wata, to tana iya yin alkawari ta cika, tana kuma iya sayen magani da yawa lokaci guda a farashin sari. Da yayyafi kogi kan cika. Asibitin ciwon daji na yara da ke Alƙahira, wanda aka buɗe a 2007, kowa ya san shi da suna 57357, kuma wannan lamba ba komai ba ce illa lambar asusun bankin da jama'a suka riƙa zuba gudummawa a ciki har aka gina shi. Haka ma asibitin St. Jude da ke Memphis a Amurka, wanda aka buɗe a 1962, ba ya karɓar kuɗin magani ko na masauki ko na tafiya daga iyalan yaran da yake jinya, kuma babban abin da ke riƙe da shi gudummawar ɗaiɗaikun mutane ce.

Yanzu ga batun na'urar da wasunku suke so, kuma a nan zan ɗan tsawaita, domin a nan ne kyakkyawar niyya ta fi salwanta. Duk wanda ya daɗe yana hulɗa da asibitoci ya san akwai wani ɗaki, galibi can a bayan gini, da ake tara na'urorin da suka daina aiki. Za ka ga kwalabar renon bakwaini da ƙura ta rufe ta, takardar sunan wanda ya ba da ita tana manne a jiki har yanzu. Za ka ga na'urar gwajin jini sabuwa fil, ledarta ma ba a gama cirewa ba, an ajiye ta saboda sinadarin da take aiki da shi kamfani ɗaya ne yake yinsa kuma ba shi da wakili a ƙasar. Za ka ga wata da ta ƙone ranar da aka fara jona ta, domin an ƙera ta ne don wutar lantarki mai ƙarfin 110, aka sa mata ta 220. Wasu masu bincike biyu na Jami'ar Duke da ke Amurka sun wallafa wani nazari a 2011 a kan na'urorin asibiti sama da 112,000 a ƙasashe 16 masu tasowa, suka gano cewa kimanin kashi 38 cikin 100 ba sa aiki. Manyan dalilan da suka ambata su ne rashin horar da ma'aikata, da rashin tsarin kula da kayan, da ƙarancin abubuwan da na'ura take dogaro da su kamar wuta. Wato kuɗin sayen na'ura shi ne kashin farko kawai na abin da za ta ci a tsawon rayuwarta.

Idan har asibitin ne ya ce na'ura yake buƙata, to ku nemi a rubuta muku irinta da samfurinta, kada ku je kasuwa ku zaɓo da kanku. Ku tambaya ko akwai wanda ya iya aiki da ita, da wanda ya iya gyara ta, da inda za a sami kayan gyaranta, da nawa abubuwan da take ci suke kamawa a shekara, da kuma wanda zai riƙa biya. Ku tambaya ko wutar asibitin za ta ɗauke ta. Wannan tambaya ta ƙarshe ba wasa ba ce, domin wani rahoto da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tare da Bankin Duniya da wasu hukumomi a farkon 2023 ya ce mutane kusan biliyan 1 ne suke dogaro da cibiyoyin lafiya waɗanda ko dai ba su da wuta sam, ko wutarsu ba ta tsayawa. Na'urar da ke tace oksijin daga iska tana ceton ran yaro mai ciwon huhu, amma da zarar an ɗauke wuta ta tsaya. A irin wannan wuri, faifan sola da batura masu riƙe ɗaki ɗaya har gari ya waye sun fi sabuwar na'ura daraja nesa ba kusa ba. Kuma kada ku raina ƙananan kaya. 'Yar na'urar da ake maƙala wa mutum a yatsa don auna oksijin ɗin da ke jininsa ba ta da tsada idan aka kwatanta da manyan na'urori, amma tana cikin abubuwan da jerin ƙa'idojin tiyata na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka fitar a 2008, ya ce a tabbatar tana jikin mara lafiya tana aiki kafin a sa masa maganin barci.

Masu cewa magunguna sun fi, suna da gaskiya ta wata fuska, domin magani ne abin da aka fi rasawa. Sai dai sayen magani aikin masana ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara fitar da ƙa'idojin kyautar magani a 1996, aka sabunta su a 1999 da 2010, kuma abin da ya jawo su ba mai daɗin ji ba ne. A lokacin yaƙin Bosniya da jim kaɗan bayansa, tsakanin 1992 da 1996, an kiyasta cewa tan 17,000 na magungunan da aka aika da sunan agaji ba su da amfani, wasu wa'adinsu ya ƙare, wasu ba a iya karanta rubutun jikinsu, wasu kuma ba su da alaƙa da cututtukan da ake fama da su, kuma an ƙiyasta kuɗin lalata su a kan dala miliyan 34. Ƙa'idojin sun ce a ba da abin da mai karɓa ya nema, kada a ba wani maganin da ba a yarda a yi amfani da shi a ƙasar mai bayarwa ba, ya kasance saura aƙalla shekara guda wa'adinsa ya ƙare a ranar da ya isa, kuma kada a haɗa da ragowar maganin da wani mara lafiya ya bari ko samfurin da kamfanoni suke raba wa likitoci. Don haka ragowar maganin wani ɗan'uwa da ya rasu, komai tsadarsa, ba abin kaiwa gidauniya ba ne, tun da ba wanda zai iya shaidar yadda aka adana shi. Hanya mafi aminci ita ce ku ba da kuɗin, ɗakin maganin asibitin ya saya daga dillalan da ya sani, abin da zai kare ku daga faɗawa hannun masu sayar da jabu. Irin wannan taka-tsantsan ya shafi madarar gwangwani ta jarirai, wadda ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta 1981 ta taƙaita tallanta da rabonta kyauta a cibiyoyin lafiya saboda tana iya raba jariri da nonon uwa. Kada a kai ta sai likitan yara ya nema.

Akwai gudummawar da ba ta buƙatar ko kwabo, kuma babu kamfanin da zai iya ƙera abin da ake bayarwa a cikinta, wato jini. Idan a cikinku akwai mutum goma masu lafiya, to kuna riƙe da abin da ya fi na'urar da kuke tunanin saya. Abin da ake ɗiba a zama guda kimanin mililita 450 ne, daga cikin kusan lita 5 da ke jikin babban mutum. Jiki yakan mayar da ruwan cikin kwana ɗaya ko biyu, jajayen ƙwayoyin kuma cikin 'yan makonni. Ƙasashe sun bambanta a kan tazarar da ake bari: a Amurka kwana 56 ne, a Ingila kuwa mako 12 ga maza da mako 16 ga mata. Galibi ana so mai bayarwa ya kai kilo 50, kuma za a auna jininsa a yi masa tambayoyi kafin a ɗiba. Kowace leda sai an gwada ta a kan cutar ƙanjamau, da ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere, kafin a sa wa kowa.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne jini ba ya ajiyuwa da daɗewa. Jajayen ƙwayoyi ba sa wuce kwana 35 zuwa 42 a firji, ya danganta da sinadarin da aka adana su da shi. Ƙwayoyin da ke taimaka wa jini ya daskare, waɗanda masu ciwon daji suke yawan buƙata, kwana 5 zuwa 7 kawai suke yi. Shi ya sa gangamin da mutum ɗari uku suka ba da jini rana ɗaya sannan aka yi shiru shekara guda bai kai amfanin mutum talatin da suke zuwa bi da bi a kan lokaci ba. Macen da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa da ƙarfe biyun dare ba za ta iya jiran a taso 'yan'uwanta a gwada su ɗaya bayan ɗaya ba, kuma zubar jini bayan haihuwa ita ce kan gaba a cikin abubuwan da ke kashe mata masu haihuwa a duniya. Ledar da za ta cece ta ita ce wadda wani da bai san ta ba ya bayar makon jiya, aka gwada, aka ajiye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana cewa jinin masu bayarwa don raɗin kansu, a kai a kai, ba tare da an biya su ba, shi ne mafi aminci, kuma idan kashi 1 cikin 100 na al'umma suna bayarwa, ana iya biyan mafi ƙarancin buƙatar ƙasa. Ku je ma'ajiyar jinin asibitin ku rubuta sunayenku da rukunin jinin kowa, ku raba watanni a tsakaninku. Idan kuna son ranar da za ku jawo wasu, 14 ga Yuni ce ranar masu ba da jini ta duniya.

Lokaci da sana'a ma gudummawa ne. Gidauniyoyi da yawa mutum biyu ko uku ne suke tafiyar da su, kuma akanta da zai zo sau ɗaya a wata ya daidaita musu littafi, ko lauya da zai duba musu takardun rajista, ko mai gyaran wuta da firji, ko mai mota da zai mayar da wanda aka sallama gida, kowannensu ya rage musu kuɗin da za su koma ga magani. Masu aikin sa kai a cikin ɗakunan jinya kuwa sai sun bi ta hannun asibitin, a tantance su, a koya musu wanke hannu da abin da ba a taɓawa. Sharaɗi mafi nauyi a kansu shi ne riƙe sirri. Abin da ka gani a ɗakin marasa lafiya a can za ka bar shi. Ni ina ganin ɗabi'ar ɗaukar hoton mara lafiya yana karɓar kyauta sannan a watsa a Facebook abin ƙyama ce, ko da ya ce ya yarda, domin wanda ke kwance yana jiran a biya masa kuɗin tiyata ba shi da bakin cewa a'a. Idan ana buƙatar shaida don waɗanda suka ba da kuɗi, rasit da rahoto sun wadatar.

Wani ɓangare da ake yawan mantawa da shi shi ne masu jinya, wato uwa ko miji ko ɗa da ya baro aikinsa ya zo ya zauna da mara lafiya. Sau da yawa abin da ke sa a ɗauke yaro daga asibiti kafin ya warke shi ne kuɗin mota da wurin kwana da abin da mai jinya zai ci, ba kuɗin maganin kansa ba. Wannan ne ya sa aka buɗe gidan Ronald McDonald na farko a Filadelfiya a 1974, domin iyayen yaran da ke kwance su sami masauki kusa da asibiti. Ba lallai ne ku gina gida ba. Ɗan asusun kuɗin mota a hannun jami'in walwala yana iya sa mutum ya dawo ganin likita a ranar da aka ba shi.

Idan kuka ga abin hannunku bai isa ba, kuna iya tara na wasu, amma da ƙa'ida. Ku fara samun izinin gidauniyar a rubuce kafin ku yi amfani da sunanta, kuma kuɗin su tafi asusunta kai tsaye, kada su biya ta asusun ɗayanku, komai amincinsa, domin zargi yakan raba abokai ko da ba a ci komai ba. Ku yi lissafin abin da taron zai ci kafin ku shirya shi. Walimar da aka kashe mata kashi biyu cikin uku na abin da aka tara ta fi amfanar mai haya da mai girki a kan marasa lafiya. A watan Afrilun 2020, wani tsohon soja ɗan Birtaniya mai shekara 99, Kyaftin Tom Moore, ya ƙudurta zagaya lambun gidansa sau 100 kafin ya cika shekara 100, da burin tara fam 1,000 ga gidauniyoyin asibitocin ƙasarsa, sai ga shi an tara fiye da fam miliyan 32. Irin wannan ba ya faruwa kullum, kuma bai kamata a gina tsari a kansa ba, amma abin lura a ciki shi ne tafiyar ba ta ci kuɗin haya ko na ado ba. Ku kuma binciki dokar harajin ƙasarku da tsarin wurin aikinku. A Birtaniya, alal misali, akwai tsarin da gwamnati ke ƙara wa gidauniya fam 25 a kan kowane fam 100 da mai biyan haraji ya bayar, wasu kamfanoni kuma sukan ninka abin da ma'aikacinsu ya bayar.

Ga mai hali, ko mai tunanin abin da zai bari a bayansa, akwai wakafi da wasiyya. Wannan tsohuwar hanya ce ta riƙe asibiti. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 da kuɗin shigar kadarorin da aka yi masa wakafi ya riƙa biyan likitoci da sayen magani, ya kuma yi ɗaruruwan shekaru yana aiki. Hikimar ita ce ba a taɓa uwar dukiyar, ribarta kawai ake ci. Wanda zai yi haka ya nemi masanin doka ya rubuta, a ambaci sunan gidauniyar daidai yadda yake a rajista, a kuma faɗi inda dukiyar za ta koma idan gidauniyar ta rushe. Wanda kuma yake son ya ba da zakka ta wannan hanya ya tambaya ko gidauniyar tana da asusun zakka na daban, domin malamai da yawa suna ganin dole ta isa ga wanda ya cancance ta, ba a zuba ta a gini ko albashi ba. Asibitin ciwon daji na Shaukat Khanum da ke Lahore a Pakistan, wanda aka buɗe a 1994, yana cikin waɗanda suke karɓar zakka don jinyar marasa ƙarfi.

Sai kashi na biyu na tambayarku, yadda za ku tabbatar abin ya isa. Ku nemi ganin takardar rajistar gidauniyar da sunayen amintattunta. Ku duba ko asusun bankin da sunanta yake, ko kuwa da sunan wani mutum. Ku tambaya mutum nawa ne suke sa hannu kafin kuɗi su fita, domin bai kamata ya zama mutum ɗaya ba. Ku nemi rahoton kuɗi na shekarar da ta gabata wanda mai bincike daga waje ya duba, ku kuma tambayi yadda ake zaɓen wanda za a taimaka: akwai ma'auni a rubuce, ko sai wanda ya san wani? Gidauniya mai gaskiya ba ta jin haushin waɗannan tambayoyi, takan ma ji daɗin an yi su. Wadda ta fara kame-kame, ko ta ce a kawo kuɗi a hannu ba rasit, to ku ja da baya, ku biya kuɗin mara lafiya kai tsaye a wurin karɓar kuɗin asibitin, ku riƙe rasit ɗinku.

Sai dai kada ku faɗa kuskuren masu cewa duk kwabon da bai shiga bakin mara lafiya a matsayin magani ba an ci shi. Gidauniyar da ke biyan akanta da mai bincike tana kashe kuɗi ne a kan abin da zai tsare kuɗinku. Wadda ke alfaharin ba ta kashe komai wajen gudanarwa, ko dai wani ne yake ɗauke mata nauyin a ɓoye, ko kuma ba wanda yake riƙe lissafin. Abin dubawa shi ne ko kuɗin gudanarwar sun yi daidai da girman aikin, kuma an bayyana su.

Akwai kuma wata iyaka da ya kamata ku kiyaye. Taimakon jama'a ƙari ne a kan haƙƙin da ke wuyan mai asibiti, bai sauke masa shi ba. Idan gidauniya ta fara biyan albashin ma'aikata na dindindin ko kuɗin wutar asibiti gaba ɗaya, sau da yawa mai asibitin yakan janye nasa kason, a tashi ba a ƙaru da komai ba. Kuna da damar tambayar amintattu inda suka ja layi a kan wannan.

Game da ku kanku, ga abin da nake ganin ya dace da ƙaramar ƙungiya irin taku. Kuɗin da kuka riga kuka tara ku raba su biyu bayan kun ji ta bakin ma'aikatan. Kashi ɗaya ya tafi ga abu guda da suka ce ya fi damunsu yanzu, ɗayan kuma ya zama farkon gudummawar wata-wata marar sharaɗi, kowa ya ɗauki abin da zai iya jurewa har shekara ba tare da ya takura iyalinsa ba. Idan abin da suka nema na'ura ce, ku rubuta 'yar yarjejeniya da asibitin wadda ta faɗi ɗakin da za a ajiye ta, da sunan muƙamin wanda zai kula da ita, da wanda zai sayi abubuwan da take ci, sannan ku ware wani abu daga kuɗin don horar da ma'aikata aƙalla biyu, saboda idan aka yi wa ɗaya canjin wurin aiki ɗayan ya ci gaba. Ku sa a cikin yarjejeniyar cewa bayan wata shida za ku dawo, ba tare da biki ko mai ɗaukar hoto ba, a kunna muku ita ku gani, a kuma nuna muku littafin da ake rubuta marasa lafiyar da aka yi wa aiki da ita.